Hadari Ya Tafi da Wuta, Ga Ƙananan Yara a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi na tsinto su ne daga bakin iyaye, yawancinsu mata, a unguwarmu a Kano da kuma wajen dangi a Zariya da Katsina. Duk shekara idan damina ta kunno kai sai na sake jin su, kusan da kalmomi iri ɗaya. Ni ma uwa ce, 'ya'yana uku, autar ba a yaye ta ba tukuna. Abin da na lura da shi, duhun kansa bai cika yi wa yaro komai ba. Yawancin haɗarin yana cikin dabarun da muke yi don mu kori duhun da zafin.

Mu da kullum ake ɗauke mana wuta, me ya bambanta ta hadari da wadda muka saba?

Ɗaukewar yau da kullum rabo ne, an kai wa wasu, za a dawo muku da ita. Layinku lafiyarsa lau. Ta hadari kuwa ɓarna ce: falwaya ta karye, bishiya ta faɗa kan waya, ko taransifoma ta ƙone. Wannan sai an zo da mota da ma'aikata, kuma ba unguwarku kaɗai ke jira ba. Don haka lissafin da za ku yi na kwanaki ne, wani lokaci makonni.

Ga kuma lokacin da take zuwa. Hadarin farkon damina, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, shi ya fi zuwa da iska mai ƙarfi da ƙura kafin ɗigon ruwa ya sauka, kuma a daidai lokacin ne zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40. Rana ɗaya sai ku rasa fanka da firji da injin tura ruwa da cajin waya, ga kuma wayar wuta yashe a kan hanyar da yara ke bi.

Me ya kamata a tanada tun kafin damina ta faɗi?

Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Fitila mai caji ko ta sola guda biyu, tocila ɗaya mai batir da batiran canji, mafici, jarkoki masu murfi, ƙullin gishiri da sukari na asibiti ko da guda biyar, maganin zazzaɓi na yara, da 'yan kuɗi a hannu, domin mai POS ma da caji yake aiki. A gidanmu duk waɗannan a bokitin fenti guda suke, a bayan ƙofar ɗakina, kuma har ɗan shekara biyar ya san inda yake. Amfanin wuri ɗaya shi ne ba za ki tsaya lalube a duhu da jariri a baya ba.

Aikin maigida kuma: ya hau ya duba kwanon rufi inda ƙusa ta saki, ya sa a sare reshen darbejiya ko mangwaron da ya rufa kan wayar da ta shigo gida, a yashe kwata. Reshen da ke taɓa wayar layi kada ya sare da kansa, ma'aikatan wuta ake kira.

Hadari ya haɗu, gabas ta yi baƙi. Me zan fara yi?

Yara tukuna. A ƙirga su, a aika a kira wanda ke waje ko yake makarantar allo. Bayan haka idan akwai wuta, a jona duk abin da ake cajawa, a kunna injin ruwa a cika tanki da jarkoki. Da iska ta fara kaɗawa sai a zare komai daga soket: talabijin, firji, dikoda, caja. Kashe makunni kawai bai isa ba, domin wutar da tsawa ke turowa ta cikin waya tana iya tsallake shi.

Sai a kwashe abin da iska za ta iya ɗauka a tsakar gida, irin su faranti, kujerar roba da guntun kwano. Guntun kwanon rufi idan iska ta ɗauke shi wuƙa ne.

A ina yara za su zauna lokacin tsawa, kuma a bar su su yi wankan ruwan sama?

Ɗaki mafi ƙwarin gini, nesa da taga da ƙofar ƙarfe. Idan kun san akwai katangar da ta tsage ko ɗakin ƙasa da ya sha ruwa bara, kada kowa ya kwana jikinsa. Ba a fakewa ƙarƙashin bishiya, ba a taɓa famfo ko wayar da ke jone da caji har hadarin ya wuce.

Wankan ruwan sama duk mun yi shi, ban kuma ce a hana yara shi gaba ɗaya ba. Amma muddin ana jin rugugin tsawa, aradu na iya kaiwa inda kuke. Ƙa'idar da masana yanayi ke bayarwa ita ce a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Ko bayan nan ma a tsakar gida za su yi, kada su fita layi, saboda dalilin da ke cikin amsa ta gaba. Wani abu kuma: akwai masu cewa ba a taɓa wanda tsawa ta faɗa wa. Jikinsa ba ya riƙe wuta. A ɗauke shi nan take a nufi asibiti.

Wayar wuta ta tsinke ta faɗo a layinmu, amma ai babu wuta. Akwai matsala?

Akwai, babba ma. Wayar da ke ƙasa ba ta nuna ko da wuta a jikinta, kuma ko babu yanzu ana iya dawo da ita ba sanarwa, ko wani maƙwabci ya tayar da janareton da ya haɗa ba daidai ba wutar ta biyo layi. Ku ɗauka kowace waya a raye take. A ba ta tazarar aƙalla mita 10, a kuma guji ruwan da ya kwanta kusa da ita, da shingen waya ko ƙofar ƙarfe ko kwanon da ta faɗa a kai. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ɗaukar wuta.

Lokacin da na fi tsoro shi ne washegari da sassafe, sa'ad da yara ke fita makaranta ko aiken koko da ƙosai, ƙafa ba takalmi, suna tsalle cikin kududdufi. Kafin kowane yaro ya fita, babba ya zaga ya ga hanya da idonsa. Idan an ga waya, a tsayar da mutum yana kore yara, a sanar da mai unguwa, a kira kamfanin wuta. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112.

Idan wuta ta kama wani, kada a cafke shi da hannu, mai ceto shi ma kamuwa zai yi. In a cikin gida ne, a ruga a kashe babban makunni ko a zare fis. In wayar layi ce, sanda ma ba ta da tabbas, musamman da jiƙa. Yaron da wuta ta ja, ko ya tashi yana wasa, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Kyandir ko fitilar ƙwai ba za su wadatar ba?

In akwai yadda za a yi, a haƙura da su a gidan da ke da mai rarrafe. Kyandir kan faɗi kan katifar soso ko ya lashi gidan sauro, kuma dukansu cikin daƙiƙoƙi suke kamawa. In dole ce ta sa, a kafa shi cikin faranti mai ɗan ruwa, a bisa inda hannun yaro bai kai ba, a kashe kafin barci ya ɗauki kowa.

Kananzir kuma kada a zuba shi a robar lemo ko ta ruwa. Yaro mai jin ƙishi a duhu ba ya tambaya. Idan ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin aman ne ke kai kananzir cikin huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wuce asibiti. Haka ƙananan batira masu kama da maɓalli da ke cikin wasu fitilun yara: wanda ya haɗiye ɗaya, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Ina ya dace a ajiye janareto, tunda ana ruwa kuma ana tsoron ɓarayi?

Wannan ce tambayar da na fi so kowa ya karanta. Janareto yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kuke ji na sauran hayaƙin ne, kuma rashin jin wari ba ya nufin babu ita. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji wani abu. Kusan kowace damina sai an ji labarin iyalin da aka fasa ƙofa aka tarar da su, kuma labarin iri ɗaya ne: ruwa ya sauko ko an ji tsoron sata, aka shigar da inji soro, ko kicin, ko ƙarƙashin bene, ko baranda, aka rufe ƙofa aka kwanta.

Shawarar masana ita ce a ajiye shi a fili, kimanin mita 6 daga kowace ƙofa ko taga. Na san tsakar gidan da yawa daga cikinmu bai kai haka ba. To a kai shi kusurwa mafi nisa inda sama take a buɗe, a juya salansa ya kalli nesa da ɗakuna, a rufe tagar da ke ɓangarensa, a kuma tuna da tagar maƙwabta. Maganin ruwa rumfa ce mai buɗaɗɗen gefe, maganin ɓarawo sarƙa da kwaɗo. Ni dai a gidana ba a kwana da inji a kunne. Mukan caja fanka da fitilu da shi zuwa ƙarfe goma, a kashe.

Alamar da za ku gane: mutum biyu ko uku a gida su kamu da ciwon kai lokaci guda, da jiri, tashin zuciya ko kasala, yaro ya yi laushi ko ya yi ta barcin da ba a saba ba. Yara da masu ciki su ta fi saurin kayarwa. A fitar da kowa waje nan take, a kashe injin, a tafi asibiti a kuma faɗa musu janareto ne, don kada a tsaya neman zazzaɓin cizon sauro. Gawayi ma wannan iskar yake fitarwa, saboda haka kada a shigar da kurfoti ɗaki don ruwa ya hana girki a waje. Sannan ba a ƙara fetur inji na aiki ko yana da zafi, kuma a sa mai gyaran wuta ya haɗa makunnin sauya layi, domin kada wutarku ta koma falwaya ta kashe mai gyara.

Babu fanka, jariri sai kuka yake saboda zafi. Yaya zan yi?

Ki rage masa kaya. Hula da safa da shawul a watan Mayu wahala ce kawai, 'yar shimi ɗaya ta auduga ta isa. Ki riƙa goge masa jiki da tsumma mai ruwan da ba sanyi ƙarara ba, ki yi masa fifita. Ɗakin kwano yana riƙe zafi har bayan isha'i, don haka da rana a zauna inda iska ke ratsawa, a shimfiɗa tabarma maimakon katifar soso.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kawai, a ƙara yawan ba shi. Za ki ji ana cewa ki ba shi ruwa saboda zafi. Nonon akasarinsa ruwa ne, ke ce za ki ƙara sha. Waɗanda suka girme shi a riƙa miƙa musu ruwa ba sai sun nema ba, don wasa kan mantar da su.

Abin da zai sa a tafi asibiti ba jira: jariri ya wuce awa shida bai yi fitsari ba, maɗigarsa ta faɗa, yana kuka ba hawaye, ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi rau ya yi laushi.

Sauro fa? Yara sun ƙi gidan sauro wai zafi.

Fanka ce dama ke kore mana rabin sauron, ranar da babu ita sai a gane. Kada a sassauta a kan gidan sauro, ko za a kwana a tsakar gida a ɗaura shi. A yi wa yaro wanka dab da kwanciya, a yi masa fifita har barci ya ɗauke shi. Maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki yana tayar da tari da asma, kuma wuta ce kamar kyandir. Idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina na wata-wata, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a karɓa a kuma cika kwana ukun.

Abincin da ke firji zai kai yaushe?

Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kimanin awa 4. Firiza cikakkiya takan kai awa 48, wadda ke rabi kuma awa 24. A zafinmu ku rage wannan lissafi, ku kuma hana yara buɗe-buɗe neman ruwan sanyi. A zuba musu nasu a randa ko kula.

Idan kun ji cewa falwaya ce ta karye, kada ku jira nama ya narke. A ranar farko a soya shi ƙarau ko a yi banda, abin da ya fi ƙarfinku a raba wa maƙwabta. Miya a tafasa ta sosai safe da yamma kamar yadda iyayenmu ke yi. Dafaffiyar shinkafa ita ce mai yaudara: idan ta kwana a zafi tana iya tara gubar da ɗumame ba ya kashewa, ko da ba ta yi wari ba. Ita da alale da awara da kifi da duk abin da aka sa wa madara, kada a ba yaro wanda ya wuni a waje. A dafa daidai ci.

Don kayan miya akwai dabarar tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, shi ya yaɗa ta har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana aiki sosai a busasshiyar iskar farkon damina, amma a Agusta da iska ta cika da laima sanyinta kan ragu. Tumatir da tattasai da alayyafo ake sa mata, ban da nama.

Madarar jariri da magungunan da ake sa wa a firji fa?

Madarar gwangwani a haɗa daidai wadda zai sha, da tafasasshen ruwa. Wadda ta yi awa 2 a ajiye a zubar, ragowar da ya sha ya bari ma haka. Nonon da aka tatsa yakan kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, a zafi kuwa bai kai haka ba.

Magungunan yara na gari da ake zuba wa ruwa, wasu na jure zafin ɗaki, wasu ba sa jurewa. A tambayi mai kemis ko likita game da wanda ke hannunku. Mai allurar insulin ya sa ta a kula, a naɗe da tsumma kada ta taɓa ƙanƙara, don daskarewa na lalata ta. Iyalin da ke da yaro mai asma da ke amfani da injin shaƙa mai wuta, su tanadi na fesawa tun kafin damina.

Injin ruwa ba ya aiki. Za mu iya shan ruwan sama ko na 'yan garuwa?

Ruwan farko da ya sauko daga indararo wankin rufi ne, da ƙura da kashin tsuntsaye. A bar shi ya zube, a tari na baya. Shi da na garuwa da na rijiya, wanda yara za su sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin tsarkake ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Rijiyar da ruwan kwata ya malala cikinta a bar shan ta, nan kwalara ke samun ƙofa.

Idan gudawa ta kama yaro a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. In babu na ƙulli: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Alamomin tafiya asibiti su ne waɗanda na lissafa a amsar zafi, a ƙara da jini a bayan gida ko aman da ya ƙi tsayawa.

Kuma duk bokiti da baho da aka tara ruwa a rufe su. Mai tatata yana iya kifawa da ka cikin bokiti ya kasa fitowa, ba kuma za a ji ƙara ba.

Yarana suna firgita da tsawa da duhu. Me zan ce musu?

Fuskarki suke kallo kafin su yanke shawarar yin kuka. In kika yi salati da ƙarfi kika zabura, an gama. Ki tara su wuri ɗaya, ki koya musu addu'ar jin tsawa da ta saukar ruwa, "Allahumma sayyiban nafi'an", su riƙa yi tare da ke.

Ɗana na tsakiya a da ƙarƙashin gado yake shigewa. Abin da ya raba shi da haka ƙidaya ce. Na ce masa in ya ga walƙiya ya fara ƙirga har ya ji tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce tsakaninmu da ita. Yanzu shi ke ba mu rahoto: "Umma, ta tafi kilomita huɗu." Na kuma ba shi tocilarsa ta kansa, ya zama mai raka ƙanwarsa. Sauran dare kuma na tatsuniya ne. Da na ce "ga ta nan ga ta nanku" sai ka ji ɗaki ya yi tsit, har babban da ke ganin ya wuce labarin Gizo da Ƙoƙi. Dodo dai kada a kira shi a irin wannan dare don a sa yaro ya yi shiru, ke za ki kwana biyan bashin.

Wa za mu kai wa ƙara, kuma dole ne mu yi karo-karon gyara?

Kamfanin rarraba wuta na yankinku: KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, JED a Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, YEDC a Adamawa da Borno da Yobe da Taraba, a Nijar kuma NIGELEC. A rubuta lambarsu a takarda a manna a bango, don wayar da ke ɗauke da lambar tana iya mutuwa. A kai ƙorafi a rubuce, da hoton ɓarnar, a karɓi shaidar an kai.

Hukumar NERC, mai sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya, ta sha bayyana cewa sauya taransifoma da falwaya da waya nauyin kamfani ne, kuma wanda ba a warware masa ƙorafi cikin kwanakin aiki 15 ba yana iya ɗaukaka shi zuwa ofishin sauraron ƙorafi na hukumar. A zahiri unguwanni da yawa kan gaji da jira su haɗa kuɗi. In za a yi, a yi ta hannun mai unguwa, a rubuce, da sanin kamfanin. Kada a ɗauko wani mai tsani daga bakin titi ya hau falwaya.

An dawo da wuta, yara na ihun "NEPA!" Sai a jona komai?

A dakata. Wutar da ta dawo bayan gyara takan zo da hawa da sauka, wani lokaci da ƙarfin da zai ƙona firji. A kunna ƙwan fitila ɗaya a zuba masa ido minti goma zuwa sha biyar. In haskensa ya yi fari fiye da kima ko yana rawa, a bar sauran kaya a zare. In ya daidaita, a jona su ɗaya bayan ɗaya, injin ruwa da caji a gaba, don ba a san ko za ta daɗe ba.

Inda rufi ya yi yoyo kan soket, ko bango ya jiƙe, ko wani ya ce famfo ko ƙofa na ɗan jan sa, a kashe babban makunni a kira mai gyara kafin yara su shiga wurin. Firji kuma a kwashe abin da ya narke ya yi ɗumi a zubar, a wanke shi da ruwan sabulu, sannan a mayar da shi kan wuta.